An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani ga Mai Cewa a Tuge Iska a Ɗaura Sifirin

Na karanta, cikin natsuwa da kyakkyawan zato, maƙalar da wani ɗan'uwanmu marubuci ya fitar kwanakin baya game da manyan motocin alfarma masu ratsa daji, irin su Range Rover da Discovery, waɗanda gangar jikinsu take zaune a kan iska maimakon sifirin na ƙarfe. Kuma da yake malamin ya yi maganarsa ne a bainar jama'a, masu irin waɗannan motoci kuwa suna da yawa a garuruwanmu, galibinsu ma a hannu na biyu ko na uku suka same su, na ga ya wajaba a kaina in mayar masa da jawabi a inda ya yi magana, domin kada shawarar da aka bayar da kyakkyawar niyya ta zama sanadin asarar dukiyar bayin Allah. Abin da ya ƙudurta a taƙaice shi ne, duk ranar da kwamfireson da ke hura wa motar iska ya mutu, ta wayi gari a durƙushe, to mai hankali kada ya sake zuba kuɗinsa wajen sayen wani. Sai ya kai ta gareji a tuge balan-balan ɗin nan huɗu, a yar da tanki da bututai, a ɗaura mata sifirin, ya huta. Ya gina wannan fatawa tasa a kan hujja uku: ta farko, wai domin shimfiɗaɗɗun titunan Turai aka ƙera tsarin iska, hanyoyinmu sun fi ƙarfinsa, ta biyu, wai kwamfireson rarrauna ne tun daga maƙera, har ya kawo labarin wani mutum da ya canza shi sau biyu cikin ɗan lokaci, duka biyun suka ƙone, ta uku, wai tsadar gyaran ta wuce misali.

Insafi ya hukunta in fara da inda malamin ya yi gaskiya, gama in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gaskiya ne cewa abin takaici ne ƙwarai mutum ya shirya tafiya da iyalinsa, ya fito da asuba ya tarar motar ta kwanta a kan tayoyinta, fitilar gargaɗi tana ci a gaban direba, idan kuwa ya matsa ya tafi da ita a haka, kowane ɗan rami sai ya ji shi har tsakiyar kansa. Gaskiya ne kuma cewa kwamfireson Hitachi da aka sa wa Discovery 3 da Range Rover Sport na farko an san shi da tsagewar murfin mazubin da ke busar da iska, har daga baya masu motar suka koma sa na kamfanin AMK. Kuma babu mai musun cewa kayan waɗannan motoci ba su da araha. Duk wannan na sallama masa. Inda muka rabu shi ne wajen gane wanda ya yi laifin, domin malaman mantiƙi sun karantar da mu cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fara suranta shi a zuciya yadda yake, ni kuwa ban ga malamin ya tsaya ya suranta wannan na'ura ba kafin ya yanke mata hukuncin kisa.

Ga yadda abin yake. A kowace ƙafa ta motar akwai balan-balan na roba mai kauri, da zare saƙe a cikinsa, shi ke ɗauke da nauyin wannan kusurwa. Kusa da shi akwai ɗan ma'auni da aka haɗa da hannun ƙafar, wanda yake sanar da kwamfutar motar ko jikin ya yi sama ko ya yi ƙasa. Akwai bawul-bawul masu buɗewa da rufewa bisa umarnin kwamfutar. Akwai tankin da ake tara iska a ciki. Sa'an nan ga kwamfireso, wanda aikinsa kawai ya cika tankin ya kuma taimaka wajen ɗaga motar. A Discovery 3 matsin iskar da ke cikin tankin yakan haura bar 15, watau kusan ninki shida na abin da mai faci yake sa wa taya, kuma da wannan iska ne motar take iya tashi milimita 55 sama da tsayinta na kullum idan za a shiga daji, ta sauka milimita 50 idan tsoho ko mai ciki za su shiga, ta kuma daidaita kanta idan an yi mata lodi, yadda bayanta ba zai zauna ba.

Shi kwamfireson ƙaramin inji ne mai aiki da wutar batir, yana tura ɗan fistin a cikin silinda, kuma babu ɗigon mai a cikinsa, domin kada mai ya bi iska ya lalata roba. Abin da ke toshe tsakanin fistin da bangon silinda wani zobe ne na Teflon, wanda yake da santsi amma zafi yana cin sa. Iska kuwa duk lokacin da aka matse ta sai ta ɗau zafi, saboda haka waɗanda suka ƙera shi suka tsara ya yi aiki na ɗan lokaci ya huta, ya sake yi ya huta, har suka sa masa ma'aunin zafi wanda kwamfuta take dubawa, idan ya yi zafi fiye da kima ta kashe shi, ta rubuta wa direba cewa motar ba za ta tashi ba sai na'urar ta huce. A motar da iskarta ba ta zurara, da wuya direba ya ji motsinsa sai ɗan lokaci bayan an tayar da inji da safe, ko sa'ad da aka ɗaga motar, kuma a irin wannan hali yakan yi shekaru masu yawa yana aiki lafiya lau.

To amma roba tana tsufa. Balan-balan yana naɗewa yana warwarewa a wuri ɗaya duk tsawon tafiyar mota, rana tana gasa shi, yashi yana gogar sa, har wata rana ƙananan tsaga su bayyana a wurin naɗin, iska ta fara sulalewa a hankali yadda kunne ba ya ji. Kwamfuta ba ta san da huji ba. Abin da ta sani kawai ma'auni ya ce kusurwa ta sauka, sai ta umarci kwamfireso ya cike gurbin, ya cike, ta sake sauka, ya sake cikewa, aikin da aka tsara na ɗan lokaci ya koma na yini sukutum. Misalinsa kamar mai gida ne da randarsa ta tsage a gindi, ya ɗauki ɗan garuwa yana ta jido masa ruwa tun safe har dare, randa ba ta cika ba, har bawan Allah ya faɗi don gajiya; sai mai gidan ya ce wannan rago ne, ya nemo wani, shi ma ya faɗi, daga nan ya yanke hukunci cewa 'yan garuwa duka ba su da ƙarfi, bai taɓa sunkuyawa ya dubi gindin randar ba. Kwamfireson da ya ƙone, a mafi yawan lokaci, wanda aka zalunta ne, kuma mutuwarsa alama ce ta wata illa da ta riga shi.

Akwai wata ɓarna ta biyu da hujin nan yake yi, wadda ta fi ta farko ɓoyuwa. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da laima, musamman da damina, idan an matse ta kuwa laimar takan zama ruwa. Saboda haka aka maƙala wa kwamfireso wani mazubi cike da ƙananan ƙwayoyin silika masu tsotse ruwa, kowace iska sai ta ratsa su kafin ta shiga bututai. Hikimar da ke cikin tsarin ita ce, idan mota za ta sauka, busasshiyar iskar da ke cikin balan-balan takan koma baya ta bi ta cikin ƙwayoyin nan kafin ta fita waje, sai ta kwashe laimar da suka tara, su sake bushewa. Idan akwai huji, iska mai laima tana ta shiga ta gaba, busasshiya tana ta gudu ta hujin, babu mai komowa ta wanke ƙwayoyin, har su jiƙe sharkaf. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan makanike sa'ad da ya buɗe mataccen kwamfireso a kan benci ya ga abin da nake faɗa: maimakon ƙwayoyi masu ƙyalli su zubo warwar, sai wani farin gari mai danshi ya fito a dunƙule, ƙyallen tacewa ya toshe ya yi tsatsa, zoben fistin ya siɗe ya zama siriri, bangon silinda ya yi zane-zane. Wannan garin kuma ba ya tsayawa nan. Yakan bi bututai ya shiga bawul-bawul ya hana su rufewa sosai, huji ɗaya ya haifi wasu.

Da wannan nake karanta labarin mutumin da malamin ya kawo, kuma ina ganin shaidar da ya gabatar a kansa ta faɗi. Idan an sa sabon kwamfireso ya ƙone cikin ɗan lokaci, aka sa wani shi ma ya ƙone, abin da hankali zai fara tambaya shi ne, mene ne a cikin motar nan yake kashe su? Malamin bai gaya mana an gwada motar an ga ba ta zurarar da iska ba, bai ce an canza rile, makunnin da ke ba kwamfireso wuta, ba, bai ce an duba bawul ba, bai ma ce kwamfireson sabo ne ko na gwanjo ba. Ya ga musabbabi ya maimaitu sai ya ɗora laifin a kansa, ya bar sababin yana zaune lafiya a ƙarƙashin mota. Zato ke nan, zato kuwa ba a gina hukunci a kansa alhali ga hanyar samun yaƙini a buɗe, mai sauƙi, wadda ba ta bukatar komai sai tef ɗin awo da alli da ruwan sabulu da haƙurin dare ɗaya.

Sai a ajiye motar da yamma a wuri mai daidai, a tsayinta na kullum, a auna kowace kusurwa daga tsakiyar wili zuwa bakin jikin motar da ke saman taya, a rubuta da alli a ƙasa kusa da kowace taya. Sa'an nan a cire fis ɗin na'urar, ko a cire kan batir, gama waɗannan motoci sukan farka lokaci-lokaci cikin dare su daidaita kansu ta hanyar sauke sauran kusurwoyin su yi daidai da wadda ta fi ƙasa, shi ya sa mutum yakan tarar duka huɗun sun kwanta, mai laifin ya ɓuya a cikin 'yan'uwansa. Da safe a sake awo. Kusurwar da ta sauka ita kaɗai, nan za a nufa: a ɗaga motar zuwa tsayin daji domin naɗin robar ya buɗe, a fesa ruwan sabulu a jikin balan-balan da bakin bututu da jikin bawul, a zuba ido, inda iska take fita, kumfa zai taso ƙanana-ƙanana ya taru ya yi tudu, ko yaro ya gani ya san nan ne. Idan balan-balan ɗaya ya tsage don tsufa, ɗan'uwansa na ɗaya gefen sa'ansa ne, shi ya sa masana suke canza su biyu-biyu.

Bayan wannan sai a sa wa motar kwamfutar bincike a ji abin da ta rubuta, amma a karanta shi da basira. A Discovery 3 da Range Rover Sport, lambar C1A20 tana nufin matsin iska yana jinkirin hawa sa'ad da ake cika tanki, C1A13 kuma tana nufin matsin bai sauka ba sa'ad da aka buɗe masa hanyar fita. Ta farko tana iya zama rauni a kwamfireso, tana kuma iya zama tsagaggen murfi ko bututu mai yoyo, ta biyu kuwa sau da yawa toshewar matata ce ko bawul ɗin fitar da iska. Lambar tana bayyana abin da kwamfuta ta gani ne, gano dalilinsa aikin ɗan'adam ne. A duba ƙarfin batir da abin da ke caja shi, domin waɗannan motoci idan wuta ta yi musu ƙaranci sukan rubuta laifuffukan da babu su. A duba rile kuma, watau ɗan makunnin da ke cikin akwatin fis wanda yake ba kwamfireso wuta: tsohon kwamfireso mai jan wuta fiye da kima yakan ƙona bakin rile, idan bakin ya manne kuwa sabon zai yi ta aiki ba tsayawa har ya ƙone, ko da kwamfuta ta ce ya tsaya. Kuɗin rile bai taka kara ya karya ba, kuma rashin canza shi tare da kwamfireso sakaci ne tsantsa.

Idan an toshe huji, aka tabbatar kwamfireson ya gaza da gaske, sa'an nan ne lokacin canji ya yi, kuma shi ma yana da ladubbansa. Mazauninsa ya bambanta: a Range Rover P38A yana ƙarƙashin bonet, a Range Rover L322 yana cikin ramin safayar taya a but, a Discovery 3 da 4 da Range Rover Sport na farko kuwa yana maƙale a jikin shasi ta gefen hagu, gaban tayar baya, cikin murfi mai rage ƙara, inda laka da ruwa suke samun sa, notin saman mariƙinsa kuma yana da wuyar kamawa. Kafin kowa ya shiga ƙarƙashi, wajibi ne a tokare motar da ƙafafun ƙarfe a shasi, kada a dogara ga jak kaɗai, domin motar da ke zaune a kan iska tana iya sauka a kan mutum cikin ƙiftawar ido. A sauke iskar da ke cikin bututai, a cire kan batir, a wanke yashin da ke bakin kowane bututu kafin a zare shi, a yi wa kowane alama don kada a musanya su. A duba robobin da yake zaune a kai, a duba matatar da yake zuƙar iska ta cikinta, a mayar da murfinsa yadda aka same shi. Idan na Hitachi aka cire aka sa na AMK, mariƙi da wasu bututai sun bambanta, kuma lalle ne a sabunta manhajar kwamfutar, gama tana lissafin zafinsa da tsawon aikinsa ne bisa ma'aunin tsohon. A ƙarshe a share laifuffukan da ta rubuta, a ɗaga ta a sauke ta, a fesa sabulu a kowane mahaɗi, a sake gwajin dare.

Ba kullum ne ma ake bukatar sabo ba. Idan motar lantarkin da ke cikinsa lafiya take, akwai kayan gyara da ake sayarwa a ƙulle ɗaya, zoben fistin da sababbin ƙwayoyi da matatu da murfi, waɗanda makanike mai tsabtar hannu zai sa, kwamfireson ya dawo da ƙarfinsa a kan kuɗi kaɗan. Wanda kuma ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas domin ya sayi na Beljiyam, kada ya wadatu da a jona masa shi a batir ya ji yana kuka, domin wanda zobensa ya mutu ma kukan yake yi, har ya fi. Sai a ɗaura masa ma'aunin matsi a ga inda allura za ta kai, a buɗe mazubin a ga halin ƙwayoyin.

Yanzu sai hujjar malamin ta farko, wadda tarihin motar kansa ya rushe. Range Rover ta fito daga Solihull ta ƙasar Ingila a 1970, kuma da sifirin mai murɗi a ƙafa huɗu ta fito, a zamanin da galibin motocin daji suke kan sifirin mai falle-falle. Watau mutanen da malamin yake so mu gyara musu aiki su ne suka yi shekara 22 suna ƙera wannan mota a kan sifirin kafin su sa mata iska a 1992. Sun san amfaninsa, sun kuma san iyakarsa: sifirin mai laushi yana barin taya ta bi rami ta hau dutse, amma yana zaunawa idan an yi lodi, har sai da suka ƙara wata na'ura ta kamfanin Boge a aksul ɗin baya domin ta riƙa ɗaga bayan motar, mai tauri kuma yana ɗaukar kaya amma yana jijjiga mutane. Iska ce ta haɗa musu biyun. Sa'an nan ina tambayar malamin, a kan titi mai santsi wane ne yake bukatar motarsa ta tashi milimita 55? Wanda zai ƙetare rafi da damina, ko ya bi hanyar da manyan motoci suka haƙe tsakiyarta ta yi tozo, shi ne mai bukata. Saboda haka abin da ya ce an yi domin titunan Turai, mu masu munanan hanyoyi muka fi kowa hakki a kansa.

Idan ya ce ai tsohuwar Range Rover ta ratsa duniya a kan sifirin, sai in ce wannan ƙiyasi ne tare da bambanci, wanda malaman usulu ba su karɓa. Tsohuwar tana da aksul miƙaƙƙe, idan taya ɗaya ta hau tudu sai ya danna ɗayar ƙasa ta kama turɓaya. L322 ta 2002 da Discovery 3 ta 2004 kuwa kowace ƙafa cin gashin kanta take yi, kuma abin da ke mayar musu da waccan baiwa a daji wasu bawul ne da suke haɗa balan-balan na dama da na hagu, iskar da ta matsu a wannan ta kwarara zuwa wancan ta tura tayar ƙasa. Wanda ya tuge iska ya tuge wannan tare da ita. Na san an sayar da wasu Discovery 3 masu araha a kan sifirin tun daga maƙera, amma waɗannan an tsara kwamfutarsu ta san ba ta da iska, ba a rufe mata baki daga baya ba. Ƙura ta hunturu da ruwan damina kuwa, lalle suna gajarta ran roba da matata, sai dai abin da suke wajabtawa shi ne yawan dubawa. Kowace tirela da tankar mai da ke bin hanyar Legas zuwa Kano da iska take taka burki, tana da kwamfireso da tanki da abin busarwa, cikin wannan ƙura da wannan ruwa, yaran mota sun san a zubar da ruwan tanki, kuma ba mu taɓa jin wanda ya ce a tuge mata iska ba. Toyota ma da ake kafa hujja da ita ta sa balan-balan a bayan Lexus GX470 da wasu Prado.

Game da tsada, ina roƙon malamin ya yi lissafin duka. Sifirin huɗu da abin da ke riƙe su ba kyauta ake ba da su ba, ga kuɗin aiki, ga na'urar da za a saya ko dabarar da za a yi domin a yaudari kwamfuta ta daina kunna fitila. Idan an jera wannan kusa da kuɗin balan-balan biyu da rile da kayan gyaran kwamfireso, tazarar ba ta kai yadda ya nuna ba, almubazzarancin gaskiya kuwa shi ne kwamfireso na biyu da aka saya ba tare da an nemi huji ba. Ga kuma abin da ake rasawa wanda ba ya shiga lissafin gareji: motar da aka cika da iyali da buhunan hatsi, ko aka ɗaura mata abin ja, bayanta zai zauna, gabanta ya ɗaga, fitilunta su haske idon mai zuwa, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu. Ranar sayarwa kuma wata fitina ce, domin darajarta ta ragu, zuciya sai ta raya wa mutum ya yi shiru. Alhali kuwa a shari'a wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ke rage ƙimar kaya, mai saye yana da zaɓin mayarwa idan an ɓoye masa, ɓoyewar kuma algus ne.

Ban ce babu halin da sifirin zai halatta ba. Mutumin da yake da tsohuwar P38A wadda kuɗin gyaran iskarta ya kusa kuɗinta duka, ko wanda yake zaune a wuri mai nisa da duk wani makanike mai kwamfuta, aikinsa kuma bai yarda mota ta kwanta masa ko na yini ɗaya ba, wannan larura ce, kuma yana da rangwame, muddin ya sa kayan da aka ƙera domin irin motarsa, ya kuma faɗi gaskiya ranar da zai sayar. Amma rangwamen larura yana tsayawa ne a inda larurar ta tsaya. Kuskuren malamin shi ne ya ɗauki abin da aka sauƙaƙa wa mutum ɗaya cikin matsi ya mai da shi ƙa'ida ga kowa.

Abin da ya fi damuna ma ya wuce mota, ya shafi samarinmu da ke koyon sana'a a gareji. Da yawa daga cikinmu sun ga zamanin da motoci masu injekta suka fara shigowa, ana cewa ba su dace da ƙasarmu ba, ana tuge injekta ana ɗaura kafireta, mota ta koma shan mai da hayaƙi. Sai wasu makanikai masu himma suka ƙi, suka zauna suka koya, ga shi yau kusan kowane gari akwai mai gyaran injekta, kuma da ita yake ciyar da iyalinsa. Duk motar da aka tuge wa iska darasi ne da aka hana wani yaro, duk wadda aka bincika aka gano hujinta kuwa ilimi ne da ya zauna a hannun ɗanmu. Motoci masu iska ƙaruwa suke yi, kuma al'ummar da ta saba yanke duk abin da ba ta gane ba za ta daɗe tana jiran baƙo ya zo ya gyara mata.

Saboda haka ina kira ga ɗan'uwana malam, cikin girmamawa, ya koma ga mutumin da ya ba mu labarinsa ya tambaye shi ko an yi wa motarsa gwajin dare, ko an canza rile, ko an buɗe mazubin ƙwayoyi. Idan ya zo da bayyina cewa an yi duka, motar ba ta yoyo, sabon kwamfireso na ainihi ya ƙone duk da haka, to maganarsa ta sami ƙafar tsayawa, mu zauna mu sake duba ta tare. Ga masu motoci kuma, duk makaniken da ya ce muku kwamfireso ya mutu, ku ce masa ya nuna muku abin da ya kashe shi kafin ku ciro kuɗi, domin dukiya amana ce da za a tambaye mu yadda muka kashe ta, makanike kuma amintacce ne a kan abin da aka danƙa masa. Allah ya ba mu ikon yin tahƙiƙi kafin hukunci, ya sa albarka a sana'ar masu sana'a, ya kai matafiya gida lafiya. Wassalam.